Yadda Ake Mayar da Tsohon Keke Ya Zama Mai Giya Ɗaya

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 mai ya yi tsada, kuɗin raksha, wato babur mai ƙafa uku na haya, ya fi ƙarfin aljihun mutane da yawa, keke ya dawo da darajarsa a Gadarif da Kassala da Sinnar har zuwa Mai Wurno. Amma ka shiga gidajen unguwanninmu ka duba bayan ɗaki, za ka tarar da kekuna masu giya 18 ko 21 a jingine, ƙura ta rufe su. In ka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: giya ta lalace, kayanta babu a kasuwa, in ma akwai kuɗinsu ya kusa na rabin keken. Mafi yawan waɗannan kekunan lafiyarsu ƙalau. Macanjin giyar nan da ke reto a ƙafar baya shi ne ya mutu, kuma a ƙasa shimfiɗaɗɗiya irin tamu ba dole ne a zauna da shi ba. Lakar Gadarif ta damina tana cushe shi, ƙurar habub, wato guguwar yashi, tana cin haƙoransa, in keke ya faɗi ta dama sau ɗaya ya lanƙwashe. Cire shi gaba ɗaya, ka bar faranti ɗaya a gaba da tirs ɗaya, wato ƙaramin farantin kaca, a baya, sai ka samu keke mara nauyi, mara ƙara, wanda duk ajalati, wato mai gyaran keke, da ke bakin hanya yana da kayan gyaransa.

Giya ɗaya iri biyu ce, kuma tun kafin ka ɗauki sifana ya kamata ka san wacce kake so. Akwai mai firiwil, irin ta Raleigh da Phoenix na iyayenmu: in ka daina tuƙi keke ya ci gaba da gangarawa, ƙafarka tana hutawa. Akwai kuma kafaffiya, wadda samari ke kira fiksi: tirs a ɗaure yake da ƙafar baya, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ka tuƙa baya keke ya yi baya. Irinta ake tsere da ita a zagayen filin gasar Olamfik. Mai zuwa kasuwa, mai kai yara makaranta, mai ɗauko jarkar ruwa, ya yi mai firiwil, wannan ita ce shawarata ba tare da kwana-kwana ba. Kafaffiya ta mai sha'awa ce, tana da daɗin da ba a samu a ɗayar, zan kuma yi bayaninta a inda ya dace. Kusan duk aikin iri ɗaya ne.

Fara da firam, kafin ka kashe ko fam ɗaya

Juya keken ka dubi tsagar da aksul ɗin ƙafar baya ke shiga. In tsagar doguwa ce a kwance, yadda aksul zai iya matsawa gaba ko baya kamar santimita 2, ka yi sa'a, domin da wannan matsawar ake ɗaure kaca. Tsofaffin kekunan ƙarfe da masu araha yawanci haka suke. In kuwa gajeriya ce tana kallon ƙasa, aksul ya shiga ya tsaya wuri ɗaya, to za ka iya yin mai firiwil da dabarar da zan faɗa a wajen kaca, amma kafaffiya ka manta da ita a kan wannan firam ɗin.

Sai ka wanke shi ka bi kowace mahaɗa da ido, musamman ƙarƙashin wuyan keke da kewayen gidan boris na tsakiya. Fentin da ya tattare ko ya tsage a bayan wuya alama ce ta an taɓa yin karo da shi. Tsatsa ta sama ba komai ba ce, samfefa za ta ɗauke ta, amma in ka danna da bakin sukudireba ƙarfe ya lotsa, ka haƙura da wannan. Don sanin ko ya karkace, ɗaura zare a tsagar dama, ka zagaya da shi ta gaban wuya, ka dawo ka ɗaure a tsagar hagu. Auna tazarar zaren da bututun da sirdi ke shiga, dama da hagu. In bambancin bai wuce milimita 2 ko 3 ba, ci gaba da aikinka.

Abu na ƙarshe, cire ƙafar baya ka auna faɗin da ke tsakanin tsagogin biyu daga ciki. Zai kasance kusa da 120, 126, 130 ko 135 a milimita. Rubuta shi, za ka neme shi an jima. Ka kuma ɗora mayen ƙarfe a jikin firam: in ya kama, ƙarfe ne, yana jure a matse shi ko a buɗa shi kaɗan. In bai kama ba alminiyom ne, kada ka tanƙwara shi ko kusa.

Kayan aiki ba su da yawa: sifana 15 don notin ƙafa da feda, sifana 8, 9 da 10, siraran sifanu 13 da 15 na kon, wato notin da ke danne ƙwayoyin boris a cibiyar ƙafa, makullan alan 4, 5 da 6, abin yanke kaca, makullin sifok, rula, giris, kananzir da tsumma. Abin kwance firiwil da abin zare hannun feda ba sai ka saya ba, kai wa ajalati ya yi maka. A kasuwa in ka ce janzir, tirs da billi, za a miƙo maka kaca, ƙaramin faranti da ƙwayoyin boris.

Kwance kaya

Yanke tsohuwar kaca, cire macanjin baya da na gaba, da wayoyinsu, da abin murɗawa na kan keke. Birki kada ka taɓa shi. Kowane noti da washa ka jera su a kan tsumma yadda suka fito, macanjin baya kuma ka ajiye, wataƙila ya yi amfani. Wajen feda mutane ke yawan ɓata tiredi: ta dama tana kwancewa yadda aka saba, ta hagu kuwa tiredinta juyayye ne, sai ka murɗa ta yadda hannun agogo ke tafiya sannan ta saki. A gidan boris na tsakiya abin ya juya, a yawancin kekunan da ke hannunmu kofin dama ne mai juyayyen tiredi. In wannan kofin yana zaune daram, bar shi a wurinsa, ka wanke shi ta ciki.

In hannun fedarka mai kota ne, wato ƙusa mai noti da ke riƙe shi a aksul, irin na Phoenix, sassauta notin kotar har ya yi daidai da bakinta, ka tokare hannun fedar daga ƙasa da guntun bututu da ya taɓa ƙasa, sannan ka buga da guduma bugu ɗaya mai ƙarfi. Ƙananan bugu da yawa tanƙwara kota suke yi, bugu ba tokari kuma boris yake fasawa. Wajen mayarwa, kotar dama da ta hagu su kalli sashe daban-daban, in ba haka ba fedodin ba za su miƙe a layi ɗaya ba.

Tunda komai a buɗe yake, wanke boris duka da kananzir. Ƙwayar da ta dushe ko ta yi rami a zubar. Cibiyar ƙafar baya yawanci ƙwaya 9 take ci kowane gefe, masu girman inci 1/4. Ta gaba 10 masu 3/16. Gidan tsakiya 11 masu 1/4 in ba a cikin keji suke ba. Cika giris, ka ɗaure kon har ƙafa ta juya sumul ba tare da girgiza gefe da gefe ba.

Zaɓen haƙora

Nan ne za ka zauna ka yi tunani, don abin da ka zaɓa da shi za ka hau tudu, da shi za ka yi gaba da iska. Ƙirga haƙoran farantin gaba, ka raba da na tirs, ka ninka da kewayen taya, sai ya ba ka nisan da keke ke ci a juyin feda ɗaya. Taya mai inci 26 kewayenta kusan mita 2.05 ne, babbar tayar Phoenix kuma kusan 2.2. Faranti 44 da tirs 18 a kan babbar taya ya ba da kusan mita 5.4. Faranti 42 da tirs 16 a kan inci 26 shi ma 5.4. Mai juya feda sau 60 a minti da wannan haɗin yana tafiyar kilomita 19 da ɗoriya a awa, kuma wannan ya ishi kowa a cikin gari.

Ga wanda ba ya ɗaukar kaya, a kan kwalta, tsakanin mita 5 da 5.5 ya yi. Mai ɗora buhun dawa ko jarkoki, ko mai bin hanyar gona da yashi, ya sauko wajen 4.5, wato kamar 44 da 22 a babbar taya, ko 38 da 18 a inci 26. Samari suna son 48 da 16 don a ce kekensu na gudu. Ba na goyon bayan haka. Giya mai nauyi gwiwa take ci, tashi daga tsaye ya zama wahala, ranar da iska ta taso daga gaba kuma sai ka sauka ka tura. In kana shakka tsakanin biyu, ɗauki mai sauƙin. Tirs abu ne mai araha, in ƙafarka ta saba ka sauya.

Yawancin kekunan nan farantansu uku ne a gaba. In da noti aka haɗa su, kwance ka bar ɗaya, sai dai notocin za su yi tsawo, ka ƙara washa ko ka rage su da zarto. In a dunƙule suke da ribit, kada ka wahalar da kanka: yi amfani da na tsakiya, wanda sau da yawa 38 ne ko 34, ka nemo tirs da ya dace da shi. Faranti 38 da tirs 16 a inci 26 ya ba da kusan mita 4.9, haɗi ne mai kyau ƙwarai.

Ƙafar baya

Cibiyar baya iri biyu ce. Akwai wadda tarin tirs ɗin gaba ɗaya ake murɗa shi a kan tiredi, ita ce ta fi yawa a kekuna masu araha. Akwai kuma wadda firiwil ɗin a jikin cibiyar yake, ana zura tirs ɗaya bayan ɗaya a kan gindi mai tsaga-tsaga, a kulle da zobe.

Ta biyun ta fi sauƙi. Kwance zoben, zare tirs duka, ka mayar da guda ɗaya, ka cike gaba da bayansa da zobban da ke raba tsofaffin tirs, ko guntayen bututun roba na ruwa da aka yanka daidai. Da waɗannan zobban za ka matsar da tirs ciki ko waje yadda kake so. In da hali nemi tirs mai dogayen haƙora miƙaƙƙu, domin na giya an fiƙe haƙoransu ne musamman don kaca ta riƙa sauka da sauƙi, mu kuwa zamanta muke so.

Ta farkon, kai ƙafar wurin ajalati ya ɗaure abin kwancewa a bais, ku kama taya ku murɗa ta hagu. Kada ka kuskura ka kwance sifok kafin wannan, don da ƙarfin rim ake kwance firiwil. In ya fita, goge tiredin, shafa giris, ka murɗa sabon firiwil mai tirs ɗaya da hannu. Tiredinsu ɗaya ne, inci 1.37 mai zare 24 a kowane inci. Ya shiga da laushi. In ya cije tun farko, fito da shi ka sake, cibiyar alminiyom ba ta yafe tiredin da aka hau a karkace. Ɗaurewa kuwa tuƙi ne zai ɗaure shi.

Wasu suna barin tarin tirs ɗin yadda yake, su rage kaca a kan guda ɗaya. A matsayin maganin rana ɗaya, ka isa gida, babu laifi. Amma kada ka zauna a haka. Ranar da ka faɗa rami kaca ta haye tirs na sama da ya fi girma, za ta ɗaure tamau, ta tanƙwara aksul ko ta tsinke.

Layin kaca

Duk aikin nan a kan wannan ya rataya. Keke mai giya ɗaya ba shi da abin da ke riƙe kaca a hanya sai miƙewarta. In farantin gaba da tirs na baya suna kan layi ɗaya, kaca za ta yi shiru ta daɗe. In sun saɓa, za ta riƙa ƙara, ta ci haƙora ta gefe, ta kuma zame a lokacin da ka miƙe tsaye kana taka feda da dukkan ƙarfinka, wanda shi ne mafi munin lokaci.

Ga yadda ake aunawa. A gaba, ɗora rula daga tsakiyar bututun sirdi zuwa tsakiyar haƙoran faranti. In gano tsakiyar ya yi wuya, auna daga gefen bututun ka ƙara rabin kaurinsa. A firam ɗin ƙarfe kaurin yawanci milimita 28.6 ne, rabinsa 14 da ɗan kai. A baya, ɗauko faɗin nan da ka rubuta ka raba biyu, sannan ka cire tazarar da ke tsakanin cikin tsagar dama da tsakiyar haƙoran tirs. Misali faɗi 126, rabinsa 63, tazarar tirs 21, saura 42. To gaba ma 42 ake so, ko abin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Kekunan tsere na asali 42 suke bi, amma kai ba lambar ce damuwarka ba, daidaituwar gaba da baya ce. Farantin tsakiya na keken dutse yakan kai 47, sai baya ta biyo shi can.

Kusan kullum za ka tarar sabon firiwil ya shige ciki da yawa, tunda an yi cibiyar ne don ta bar wa tirs shida ko bakwai wuri. Gyaran mataki biyu ne. Na farko, zare aksul. A gefen dama, tsakanin kon da notin kulle, akwai doguwar washa mai kauri. Rage ta, ka mayar da abin da ka rage gefen hagu, milimita nawa kake son tirs ya fito, milimita nan za ka ɗauke daga dama ka kai hagu. Jimillar faɗi ba ta canza ba, cibiyar ce ta matso dama. Tabbatar bakin aksul ya fito daidai a gefe biyu.

Na biyu, yanzu rim ya biyo cibiya ya karkata dama, taya za ta kusa gogar firam. Sai a jawo shi tsakiya da sifok. Sace iskar taya, ɗiga mai a kan kowane kan sifok, ka ba shi lokaci ya shiga. Fara daga ramin bawul don kada ka ɓata ƙirga. Zagaye na farko sassauta duk sifok na dama rabin juyi. Zagaye na biyu ɗaure duk na hagu rabin juyi. Mayar da ƙafar a firam ka duba tazarar rim da ƙarfen dama da na hagu. Maimaita har su yi daidai, in an kusa ka koma kwata-kwatan juyi. Bayan nan ka juya ƙafar kana kallon robar birki: inda rim ya kusanci dama, ƙara wa sifok na hagu na wurin kwatan juyi, haka ma akasinsa. Aikin haƙuri ne, ka zauna a inuwa bayan la'asar ka yi shi a natse. In sifok sun yi tsatsa sun ƙi juyawa, kada ka tilasta, kai wa wanda ya saba, kuɗin da zai karɓa bai kai na sabon rim ba.

In bambancin kaɗan ne, wani lokaci daga gaba ake gyara shi: mayar da faranti cikin hannun feda maimakon waje, ko a sa aksul na tsakiya da ya fi gajarta.

Kaca

Tazarar ƙusoshin kacar keke duk ɗaya ce, rabin inci, wato milimita 12.7. Faɗi ne ya bambanta. Mai faɗin inci 1/8 ita ce ta giya ɗaya, irin ta Phoenix, tana ko'ina kuma tana hawa kowane irin haƙori. Siririya mai 3/32 ta masu giya ce, ba ta shiga haƙoran tirs mai kauri. Sayi mai faɗin, sabuwa. In kana son gwada tsohuwa, miƙe ta ka auna: ƙusa ta farko zuwa ta 25 ya kamata ya zama inci 12 cif, santimita 30.5. In ta zarce da milimita ɗaya da rabi ta gaji, in ta kai 3 ta riga ta cinye haƙoran da ta hau.

Sa ƙafa a tsaga, ka tura aksul kusa da gaba amma ba ƙarshe ba. Zagaya kaca a kan faranti da tirs, ka haɗa bakin biyu ka ga inda za su gamu. Yanke a wuri mafi gajarta da za ta haɗu ba tare da tilas ba. In kana shakka bar ta da tsawo, ragewa ta fi ƙari sauƙi. In mahaɗinta mai ƙulli ne, rufaffen bakin ƙullin ya kalli inda kaca ke tafiya.

Yanzu ja ƙafar baya. Ɗaure notin hagu kaɗan, tura gaban tayar baya zuwa dama ko hagu har kaca ta miƙe, ɗaure na dama, ka koma ka daidaita na hagu har taya ta zauna tsakiya. Juya feda a hankali kana taɓa kaca ta ƙasa da sanda: za ka ji wani wuri ta ɗaure, wani wuri ta saki, don babu farantin da yake da'ira cikakkiya. A wurin da ta fi ɗaurewa ake aunawa, ta iya motsi sama da ƙasa kamar santimita 1. Kacar da aka ja kamar tsirkiyar baka boris take kashewa, ka ji feda na nauyi ba dalili. Sannan ɗaure notocin da ƙarfi sosai. Aksul mai noti ya fi mai ɗan hannun maƙalewa riƙo a irin wannan tsagar. In naka na zamewa gaba, sa majanyin kaca irin na tsofaffin kekuna.

Mai gajeriyar tsaga, ga dabararka: mayar da tsohon macanjin baya, ko da ba waya, ka murɗa ƙaramin sukurun iyakarsa har ƙafafunsa su tsaya daidai ƙarƙashin tirs. Shi zai riƙa jan kaca. Sai dai kaca mai faɗi ba lallai ta wuce cikinsa ba, nan siririyar za ka sa, da tirs siriri. Wani lokaci kuma rabin mahaɗi, ko ƙara haƙori ɗaya a tirs, yakan sa kaca ta zauna daidai ba tare da komai ba.

In kafaffiya kake so

Cibiyar kafaffiya ta gaskiya tiredi biyu gare ta a gefe ɗaya. Na ciki, babba, tirs ke hawa, yana ɗaurewa dama. Na waje, ƙarami, na zoben kulle ne, yana ɗaurewa hagu. Hikimar ita ce in ka danne feda baya tirs ya nemi kwancewa, sai ya ƙara ɗaure zoben. Mafi kyau ka samu cibiya mai fuska biyu, kafaffiya a gefe ɗaya, firiwil a ɗayan, ranar da ka gaji ka juya ƙafar. Da irin wannan juyin ƙafa 'yan tseren Tour de France na Faransa suke sauya giya kafin a halatta musu macanji a 1937.

Shafa giris, ɗaure tirs iya ƙarfinka, ɗaure zobe. Hau ka taka da ƙarfi gaba kawai, ba danna baya, ka tsaya da birki, ka sauka ka ƙara ɗaure zoben, don tirs ya ƙara shiga. Abin da nake roƙo a guje shi biyu ne. Murɗa tirs a kan cibiyar firiwil ta yau da kullum ba zoben hagu: ranar da ka danna baya da gaske zai kwance, ƙafarka ta tafi a banza. Da kuma kai firiwil wurin mai walda ya like shi: zafin yana lalata taurin ƙarfen, tiredin kuma har yanzu mai kwancewa ne. Majanyin kaca mai sifirin, irin dabarar macanjin nan, shi ma ba ya haɗuwa da kafaffiya, dannawa ɗaya baya za ta karya shi.

Birkin gaba dole ne. Na san hotunan da samari ke gani a waya, na masu kai saƙo a titunan Amurka da ba birki. Titinmu akwai raksha da ke tsayawa ba sigina, akwai karo na jaki, akwai yaro da zai fito da gudu daga lungu, ƙarƙashin tayarka kuma yashi ne. Tsayawa da ƙafa kaɗai tayar baya take ja, tayar baya kuwa ba ta tsayar da keke da sauri kamar ta gaba. Ga cin taya: da 48 da 16 wuri ɗaya tak tayar za ta riƙa gogar ƙasa har ya huje, da tirs 17 kuwa wuraren sun kai 17. Mai firiwil shi birki biyu zai bari, gaba da baya.

Sa maɗaurin ƙafa a feda, ko na tsohon bel ne, don in ƙafa ta zame a gangara fedar ba za ta jira ka ba, ƙwauri za ta sara. A kwana kada ka kwanta da yawa, feda na iya dukan ƙasa. Gajeren hannun feda mai milimita 165 yana rage wannan. Sai maganar tufafi, wadda ta shafe mu fiye da Turawa. Jallabiya ko ƙafar wando in ta shiga tsakanin kaca da faranti a keke mai firiwil, tsayawa za ka yi ka warware. A kafaffiya ƙafar baya za ta ci gaba da naɗe ta har ta fizgo ka ƙasa. Naɗe rigarka ka ɗaure a ƙugu, ko ka sa murfin kaca. Haka wajen shafa mai: kada ka taɓa goge kacar kafaffiya da tsumma ƙafa na juyawa, yatsa take cirewa, kuma ka kori yara daga wurin in ka kifa keken. Koyonta a fili za ka fara, kamar filin ƙwallo da sassafe, har jikinka ya daina neman hutun feda.

Ado da daidaitawa

In za ka yi fenti, yi shi tun firam na tsirara. Goge da samfefa, wanke da sabulu ya bushe, toshe duk wani tiredi da takarda, fesa na ƙasa mai hana tsatsa, sannan launi siriri-siriri sau uku, da tazara a tsakani. Da safe a inuwa, ranar da ba iska, ka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Ba shi kwanaki ya yi tauri kafin ka ɗaura kaya. Lambar da ke ƙarƙashin gidan boris kada ka shafe ta, ka ma rubuta ta ka ajiye, ita ce shaidarka in an sace. Gefen rim inda birki ke kamawa ba a yi masa fenti. Ƙananan kunnuwan waya da suka zama ba aiki, ni dai barin su nake yi, zarto a jikin siririn bututu kasada ce.

Kan keke ana iya rage faɗinsa, amma kada ya gaza faɗin kafaɗunka. Tsayin sirdi: zauna, ɗora diddige a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak, in ka mayar da tafin gaba sai gwiwa ta ɗan lanƙwashe. Sandar sirdi tana da layin da ba a fito da ita ta wuce shi. Kariya ka bar ta in kana ɗaukar kaya. Madagadi kuma a damina ka ba shi tazara mai yawa da taya, ko ka cire shi, don baƙar lakar nan in ta taru a ciki ƙafa tsayawa take cak.

Wajen sayen taya karanta lambar da ke gefenta, kada ka tsaya ga inci. Taya biyu ake kira 28: mai 635 ta Phoenix, da mai 622, kuma ɗaya ba ta hawa rim ɗin ɗaya. Inci 26 na keken dutse 559 ne, inci 27 kuma 630. Ɗauki mafi faɗin da firam zai karɓa. Saboda tsidau da ƙayar miskit, nemi tsohuwar taya da ta suɗe, yanke gefunanta masu waya, ka shimfiɗa bayanta a cikin sabuwar kafin ka sa tiyub. Keke zai ɗan ƙara nauyi, faci kuwa zai ragu sosai.

Kafin ka fita titi, kama birkin gaba ka girgiza keken gaba da baya ka ji ko wuya na ƙwanƙwasa, ka bi kowane noti da sifana. Bayan 'yan kwanaki sabuwar kaca za ta ɗan saki, sassauta notoci ka ƙara ja, ka duba kota da zoben kulle. Mai kuwa, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, na inji sabo, ka bar shi ya shiga sannan ka goge wajen kacar har ta bushe, don jiƙaƙƙiyar kaca yashi take kwasa. Baƙin mai na gareji cike yake da garin ƙarfe, man riɗi kuma, duk da yana ko'ina a Gadarif, danƙo yake yi a zafi ya riƙe ƙura. Bayan kowane habub ko tafiyar laka, cire kacar ta mahaɗinta, jiƙa ta a kananzir, ka rataye ta bushe kafin ka sake sa mai.